Gida Ba Zaure

Gidan da na yi wa tuƙi a Doha yana bakin teku, fari fat, rabinsa gilashi. An gina shi ne don tsohon mai gida da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki su zauna wuri guda. Sai dai wanda ya zana gidan, Allah ya shirye shi, kowane ɗa ya yanka masa ƙofarsa da garejinsa daban. Babu zaure. Mu a Gumel duk mai fita sai ya bi ta gaban mahaifinmu ya durƙusa. A nan kuwa ɗa kan yi wata guda a gida ɗaya da ubansa, uban ko ƙeyarsa bai gani ba.

Ni direban tsohon ne. Ƙafafunsa sun gaza, amma hankalinsa garau. Sashensa ya fi na kowa kyau, daga shi sai teku. Gilashin kauri gare shi, ko kukan jika ba ya ratsowa.

Wata safiya ya ce da ni, "Ka ajiye motar a bakin garejin babban ɗana, ka kawo mini makullin."

Babban ɗan nan shi ne kafil ɗina, zamana a ƙasar yana hannunsa. Amma na yi.

Can sai ga shi ya shigo fuska a murtuke yana neman makulli. Tsoho ya sa aka zuba masa gahawa, ya kurɓa a tsaye ya fice. Ranar tsoho ya ci abinci sosai. Daga nan abin ya zama jiki, duk mako sai na tare garejin. Ina jin tsoro, ina kuma jin tausayin tsoho, tausayin ya fi yawa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar da ɗan ya makara zuwa wani taro, ya kira ni gaban ubansa.

"Wa ya ce ka riƙa ajiye mota a can?"

Na dubi tsoho. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta cece ni. Amma yaya uba zai faɗa da bakinsa cewa sai da dabara yake ganin ɗansa? Ya kau da kai wajen teku, ya ce, "Yaron ba ya jin magana."

"Khalas, shi ke nan," in ji ɗan. "Ya haɗa kayansa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ma bai gama hucewa ba. Na ajiye makullin na nufi ƙofa. Ina waiwayowa na ga tsoho ya riƙe hannun rigar ɗansa.

"Zauna mana," ya ce. "Zauna mu yi shawarar wanda za a ɗauko a madadinsa."

Ɗan ya duba agogo, ya zauna.