Kifin Maƙwabciya da Tarwaɗar Barmu

Tun ranar da maƙwabciyata, ungozomar da aka turo nan Tawa daga Yamai, ta ce za ta tafi konje, wato hutun aiki, ta bar mini kifayenta, hankalina bai kwanta ba. Ni da ko tukunyar mutane ba na son aro, don tsoron kar ta fashe a hannuna.

Akwatin gilashi ne, da ƴan kifaye farare masu yawo tare, sai wani shuɗi guda mai jela kamar gyale. Ta ce, "Ƙanwata, abinci kaɗan da safe, shi ke nan." Ni kuwa na lura kullum shuɗin yana rakuɓe shi kaɗai, fararen ba su kula shi. A gidanmu ba a barin baƙo ya zauna shi ɗaya. Da yayana zai zo daga Barmu, na roƙe shi ya kamo mini ƴar tarwaɗa a tabki. Ya yi dariya ya ce, "Yanzu kifi ma sai an nemo mishi abokin hira?" Amma ya kawo, na saka ta cikin akwatin.

Wata safiya ina goye da ɗiyata na leƙa, na tarar fararen sun ragu, jelar shuɗin ta yayyage kamar tsumma. Na kwashe tarwaɗar da ludayi na jefa a bokiti. Shuɗin yana nan da rai, amma da ƙyar yake iyo.

Jiya maƙwabciyar ta kira tana tambayarsu, kunya ta sa na ce suna lafiya. Don Allah, wanda ya san ko jelar irin wannan kifi tana sake tsirowa, ya gaya mini kafin ta dawo.