Ranar da Inna Ta Shiga Tarago

Inna ta yi ƙuruciyarta tana tallar dafaffiyar doya a wata 'yar tashar jirgin ƙasa da ke hanyar Minna, amma ba ta taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Jirgi zai tsaya, ta ɗaga tire sama da hannu biyu, fasinja ya miƙo hannu ta taga ya ɗauka. Akwai ma'aikatan da ke bi safe da yamma, kuma har bayan mun dawo Tungan Maje tana ba mu labarinsu kamar 'yan uwanta, musamman wani mai farin gilashi da yaji ba ya isarsa. Abin da ya ɗaure mini kai tun ina yarinya shi ne, me ya hana ta shiga ko sau ɗaya? In na tambaya sai ta ce in tashi in ba ta wuri.

Bara na ji an kawo tsofaffin taragu wani wurin shaƙatawa a bayan gari, an yi musu fenti, an shimfiɗa ɗan gajeren layin dogo, ana zagayawa da mutane ranar Asabar. Na matsa wa Inna lamba. Gwiwoyinta sun fara gajiya, na san in ba yanzu ba, shi ke nan.

Da muka isa ba ta nufi ƙofa ba. Gefen tarago ta bi tana shafa ƙarfen, ta ja ta tsaya a ƙarƙashin taga.

Mai duba tikiti ya leƙo. "Mama, shigo mana, jirgi zai tashi."

Inna ta dube ni. "Mai talla ba ta shiga. In ya tashi da ke, wa zai dawo da ke?"

Amsar da na yi shekaru ina nema ke nan, har ta so ta ba ni dariya. Na ce, "Inna, wannan zagaye yake yi, nan zai dire mu."

Da ƙyar na tallafe ta ta hau. Ta zauna bakin taga tana taɓa kujera. Can sai wata mai gyaɗa ta matso ta ɗaga tirenta, Inna ta leƙa ƙasa ta daɗe tana kallo. Tausayinta ya kama ni tun kafin ta buɗe baki.

"Ashe tire kawai ake gani daga nan," in ji ta a hankali. "Ni kuwa duk zatona sun san fuskata."