Ranar da Aikin Sai-da-wane Ya Tashi Babu Shi

A layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Sai-da-wane ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka tambaye shi me yake yi a wurin aiki, sai ya gyara zama: "Wannan ƙunshin ba ya tafiya sai da wane, shi ma wanen sai da wane." Kafin ya ƙare lissafa dangin, shayinka ya huce.

Aikin nasa haɗa manhaja ne, wadda ake ɗura wa wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba. Allon ne ke gadin sanyin firjin magani a ƙananan asibitoci. Manhajar kuwa ƙunshi-ƙunshi ce, kowanne da wanda yake jingina da shi. Shi ke rubuta wa tsarin haɗin wa ke buƙatar wa, da irin tafintan da za a ɗauka, wato abin da ke juya rubutun mutane ya koma yaren allo. Tun yana da gashi a ka yake wannan aiki, a gefen taga ɗaya, da tsohuwar kwamfuta mai nishi kamar tana hawan tudu.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, amma hannun dama bai taso tare da shi ba. Ga shi an daina ƙera tsohon allon. In ba a haɗa manhajar ga sabo ba, duk firjin da ya lalace ya tafi ke nan. Aka miƙa aikin ga ƙanin matarsa, wanda dama tare suke aiki.

Ƙanin ya gwada, abu ya cije. Ya zo gidan da kwamfutarsa a hammata.

"Yaya, ka auri yayata, aikin ma aurensa ka yi? Ya ƙi kowa sai kai."

"Me ya ce maka?"

"Wai akwai abin da bai gani ba. Ni kuwa duk abin da ka rubuta na bi."

Sai-da-wane ya san inda gizo ke saƙar. Tun shekarun baya ya sa wani ƙaramin ƙunshi da hannunsa a tsohuwar kwamfutar, tafintansa ma tsohon yayi ne, kuma bai rubuta ko ɗaya a tsarin ba. Da fari mantuwa ce. Daga baya ya lura, ya ƙyale, domin akwai daɗi a ce duk ma'aikatar ba mai iyawa sai kai.

"A ɗauko tsohuwar taka mu haɗa a kanta, kowa ya huta," in ji ƙanin.

Matarsa tana ninke kaya ta ce, "Ita ma ai jinya take."

"A'a," in ji Sai-da-wane. "Nemo kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba. Daga tushe za mu fara."

Haka suka wuni a falo. Haɗin ya tsaya, Sai-da-wane ya faɗi abin da ya ɓace da karkataccen bakinsa, ƙanin ya rubuta, a sake tayarwa. Wani sunan sai ya rufe ido ya daɗe kafin ya zo masa. Bai rage ko ɗaya ba.

Da yamma haɗin ya tafi har ƙarshe. Aka ɗura wa sabon allon, 'yar fitilarsa ta kama. Ƙanin ya kira mai gidansu na wurin aiki, murna ta cika masa baki: "An gama! Yanzu kowa ma zai iya, ba sai..." Ya haɗiye sauran, ya saci kallon mijin yayarsa.

"Ƙarasa mana," in ji Sai-da-wane. "Ai gaskiya ce."

Ya sa hagu ya ɗaga hannun daman ya ɗora a cinya. Bai tambayi ranar da ake son ya koma aiki ba.