Lomar Kuskus a Bahalil

Bayan da maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafarsa ta dawo, magana ma ta dawo, amma hannun dama bai dawo ba. Yana nan a kan cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Mai physio, wadda take koya masa motsa gaɓoɓi, tana zuwa gidanmu a unguwar Catford a Landan, kuma duk abin da ta ce ya yi yana yi. Abu ɗaya ya ƙi, shi ne cin abinci a gaban mutane.

Wanda bai tashi a Arewa ba zai ga abin bai taka kara ya karya ba. Mu da muka girma a Jos, Kirista da Musulmi, tarbiyya ɗaya aka yi mana a kan wannan. Ba a miƙa abu da hagu, ba a karɓa da hagu, balle a kai ta baki. Yaro ya sa hagu a kwano sai ya ji ludayi a bayan hannu. Maigidana ya yi shekaru yana tuƙa bas a kudancin Landan, ya ga masu ci da hagu iri-iri bai taɓa tanka wa kowa ba. Amma a ce shi ne zai yi, a'a. Sai in kai masa abinci ɗaki, ya jira in fita, ya tura ƙofa. In na ce in ba shi a baki ya ce shi ba jariri ba ne. Ranar Lahadi, da an tashi daga sujada an fara jera kuloli a zauren majami'a, sai ya taɓa ni da sandarsa ya ce, "Maman yara, mu tafi." Abin da yake ci a ɓoye ma ba mai yawa ba ne. Ya rame sosai, kuma mutane suka fara rage gayyatarmu, don ba wanda yake son ya dafa abinci baƙo ya zauna yana kallon bango.

Ni tafinta ce. A gida na karanta labarai a rediyo, a nan kuma ina yi wa marasa lafiya fassara a asibitoci. A wurin aikin na saba da wata 'yar Maroko mai fassara Larabci. Da ta ji 'yarmu ta yi mana booking zuwa birnin Fas na Maroko don babanta ya canza iska, sai ta ce kada mu ƙarar da kwanakinmu ana jan mu daga shagon darduma zuwa shagon fata. Ta ce mu shiga tasi zuwa Safru, daga nan mu haura Bahalil, garinsu, inda yayanta yake zaune da mahaifiyarsu. "Zan buga masa waya," in ji ta. "Amma ku je ranar Juma'a."

Ban tambaye ta dalilin Juma'a ba. Na ɗauka ranar ce yayan ba ya aiki. Da na gaya wa maigidana, tambayarsa ɗaya ce: za a kawo abinci? Na ce in ma an kawo, ai ya san yadda ake yi wa baƙo. Za a shigo da kwanuka a ajiye mana, a ce sannu da hanya, a fita a bar mu. Haka ake yi a gidan iyayena, haka ake yi a gidan nasa. Da wannan ya yarda.

Daga Fas zuwa Safru ba nisa. Tasin na haɗaka ne, ba ya tashi sai ya cika, kuma direban da ya ga sanda ya sa aka bar wa maigidana gaba. Safru gari ne da masu yawon buɗe ido ba su cika tsayawa ba. Wani ƙaramin kogi ya ratsa tsakiyar tsohon garin, gidaje sun tsaya a bakinsa hagu da dama, ana haye shi ta ƙananan gadoji. Muka bi ta tsohuwar unguwar Yahudawa, lunguna masu duhu da sanyi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne mata ɗauke da katako an jera kwaɓin burodi an rufe da ƙyalle, suna kai wa mai gashi na unguwa. Kowane gida da alamar da yake yi wa nasa, mai gashin kuma ba ya haɗa na wani da na wani. An ce akwai inda ruwa yake zubowa daga dutse a saman gari, amma ƙafar maigidana ba za ta kai ba, muka haƙura.

Bahalil a jikin tudu yake. Gidajen an shafe su da fenti, wani rawaya, wani shuɗi, wani ruwan hoda. Daga waje gida ne kamar kowane gida, amma da yawansu in ka shiga sai ka ga ɗakin ciki kogo ne a cikin dutse. A kusan kowace ƙofa mata ne zaune da allura da zare suna saƙa ƙananan maɓallan jallabiya, suna hira, ba sa ma duban abin da suke yi. Maigidana ya tsaya a gaban wasu ya daɗe yana kallon yatsunsu. Ban ce masa mu tafi ba.

Yayan abokiyar aikina ya tare mu a bakin wata gada. Dattijo ne mai furfura, ya yi aikin kuku a otal a Fas har ya yi ritaya, a nan ya koyi Turanci. Ya rungume maigidana ya ce, "Marhaba, Alhaji!"

"Ban je Makka ba," in ji maigidana. "Ni Kirista ne."

"Ka hau tudun Bahalil da sanda ɗaya, dole a ba ka wani suna. Ka riƙe wannan kafin in nemo wani."

Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, da zanen shuni a haɓarta irin na matan da. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ta zaunar da mu a ɗakin kogon, a kan dogayen katifu da aka jera a jikin bango, ɗan nata ya zuba shayi mai na'ana'a daga sama har ya yi kumfa, sannan ya ce zai je masallaci ya dawo. Na sha nawa. Na maigidana ya huce a gabansa. Daga madafa ina jin ƙamshi, da na leƙa sai na ga madambaci a kan wuta. Tsohuwar ta sauke, ta juye a faranti, ta yayyafa ruwa da mai, ta murza da tafin hannu, ta mayar. Sak yadda ake dambu.

Da aka sauko daga masallaci, maigidan, wato mai masaukinmu, ya jawo wani teburi mai zagaye, gajere, ya sa a tsakiyarmu. A nan na gane kuskurena. A Maroko Juma'a ranar kuskus ce, bayan salla iyali suke haɗuwa a kansa, kuma ba a ware wa baƙo kwanonsa. Girmama baƙo a wurinsu shi ne a sa hannu tare da shi a akushi ɗaya.

"Kin san da wannan?" in ji maigidana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Allah ban sani ba."

"Ki ce masa ina azumi."

"Azumin me, Baban yara? Ista ta wuce tun yaushe."

"To ki ce likita ya hana."

Na buɗe baki zan faɗa, sai ga mai masaukinmu da buta da tasa da tawul a kafaɗa. Haka suke yi, a bi kowa da ruwa a inda yake zaune. Ya zuba mini na wanke. Ya durƙusa gaban maigidana, shi kuma ya miƙa hagu don ba yadda zai yi. Mutumin ya zuba masa, sannan ya ajiye butar, ya ɗago hannun daman daga kan cinyarsa, ya wanke shi, ya goge tsakanin yatsun da tawul. Duk wannan yana yi yana tsokanarsa a kan ƙwallo, wai 'yan Nijeriya sun iya gudu amma ba su san inda raga take ba. Ban da ni da ma'aikatan asibiti, ba wanda ya taɓa wannan hannun tun da ya shanye.

Aka kawo akushin, faffaɗa na ƙasa. Kuskus ya yi tudu, an jera kabewa da karas da kabeji a kai, nama yana ƙarƙashi a tsakiya. Ga nono a kofuna. Maigidan ya yi mana bayani a taƙaice: kowa ya ci gabansa, kada a tsallaka gaban wani, nama kuma a bar shi sai an raba. Ya ba mu cokula. Suka yi bisimilla, na yi addu'ata a zuci, na fara ci. Cokalin maigidana yana nan inda aka ajiye shi.

"Kul, kul," in ji maigidan, wato ci, ci.

"Na gode, na ƙoshi."

Tsohuwar ba ta amfani da cokali. Ta ɗebi kuskus da ɗan kabewa, ta matse, ta riƙa juya shi a tafin hannunta tana ɗan cilla shi sama har ya dunƙule kamar ƙwan zabo. Ta miƙa wa ɗanta, mai furfura, ya karɓa ya jefa a baki ba tare da ya daina magana ba. Ta dunƙula wani ta ba ni. Daga baya abokiyar aikina ta gaya mini haka tsofaffinsu suke yi wa 'ya'ya da jikoki da baƙon da suke so, kuma ba a mayar da shi. Na uku ta miƙa wa maigidana. Bai motsa ba. Sai ta ranƙwafo ta kamo hannunsa na hagu, ta juya tafin sama, ta ɗora lomar, ta yi magana.

"Ta ce tun safe take turara shi," in ji ɗan. "In ya huce a hannunka ba za ta yafe ba."

Maigidana ya dubi lomar. Ya ce, "Ka gaya mata hagu ce."

Ya gaya mata. Ta amsa da doguwar magana, tana nuna bakinta da yatsa, ɗan yana dariya har yana tari.

"Ta ce idonta bai mutu ba tukuna, ta ga hagu ce. Ta ce ita haƙoran da suka rage mata duk a gefe ɗaya suke, kuma da su take cin nama, ba ta zauna jiran na ɗaya gefen su dawo ba. Ta ce ka ci, ɗana, hannunta ya gaji."

Na mayar da idona kan bangon kogon, inda aka shafa farar ƙasa a kan dutse. Ban ga lokacin da ya kai bakinsa ba. Na dai ji ya ce, "Kai, tsohuwar nan ta iya," da Hausa, kamar za ta ji. Kafin ya haɗiye ta dunƙula wani. Ya kai hannu zai ɗauki cokali ta ture cokalin gefe. Can ya gwada dunƙulawa da kansa, abin ya wargaje a kan teburi, maigidan ya ce kada ya damu, shi ma da ya yi rayuwarsa a madafar otal har yau bai iya ba. Da aka zo kan nama, mai masaukinmu ya yayyaga shi da yatsu ya tura mai laushin gaban maigidana. Maigidana ya cinye, ya sha nono, ya jingina da bango. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi a kan katifar mutane, tsohuwar ta sa aka lulluɓe shi da bargo. Sai la'asar muka sauko.

Na sha fassara wa likitoci maganganu masu kyau a kan yadda mara lafiya zai karɓi halin da ya samu kansa. Wasu na faɗa wa maigidana da bakina, da Hausar da ta fi tasu daɗi, ba su yi aiki ba. Matar da ta yi aikin ba mu da kalma ɗaya ta tarayya da ita, kuma ban yi zaton ta san girman abin da ta yi ba. A wurinta baƙo ne ya zauna gaban akushinta bai ci ba. Ina gode mata, ina gode wa ɗanta saboda butar nan da tawul, ina kuma gode wa abokiyar aikina da ba ta yi mini bayanin Juma'a ba, don da ta yi da ba mu je ba.

Da muka dawo Landan abin bai canza rana ɗaya ba. Makon farko a ɗaki ya ci, sai dai ya bar ƙofa a buɗe. Bayan nan 'yarmu ta kira mu gidanta a Abbey Wood, surukanta sun zo daga Kaduna, ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Na riga na ɗauki faranti zan kai masa falo sai na ji ƙarar sandarsa a bayana. Ya ce wa mijin 'yar ya jawo masa kujera. Ya zauna tsakanin surukan, ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo da hagu. Miya ta ɗiga a gaban rigarsa, jikarmu ta nuna da yatsa ta faɗa da Turanci. Ya ce mata da Hausa ta bar shi, rigarsa ce. Sannan ya dubi 'yarsa ya ce gishiri bai ji ba, a miƙo masa.