Ina Kinka Ji Shi Cikin Labarin?

A gidanmu na Bafarawa ba a cin gasasshen dankalin Kaka Tumba a banza, sai ka amsa tambaya. Da an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, kakarmu takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar magariba, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. Waɗanda ba sa fashi mu biyu ne: ni Luba, da Bello ɗan ƙanin babana, wanda ya girme ni da wata huɗu kacal amma yake ji kamar shi ya goye ni. Kaka tsohuwa ce 'yar firit mai zanen Gobirawa a kumatu, ga ta da baki, ga son zolaya. Ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, wa ka ba ta wurin zama?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Kunnuwanmu, Kaka!"

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Kande. A wani gari, in ji Kaka, an yi Sarkin Noma mai 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, Kande. A gidansa ake ajiye rumbun irin gari duka, ba a taɓa shi sai ruwan farko ya sauka. Kamar yadda yake a wurinmu, a garin nan ma mace ba ta leƙa bakin rumbu. Wata rana Kande tana shara sai ta lura kaji sun tare a gindin rumbun suna ta tsattsaga, ga kuma jar ƙasa ta bi jikin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Ta gaya wa babban yayanta. Ya sa tsani ya hau, ya ɗaga murfi, ya ga gero cike har baki, ya ce lafiya lau. Na biyu ya hau, na uku ma ya hau, kowa ya sauko yana mata dariya. Kande ba ta yi musu da kowa ba. Ta ɗauki ƙwarya ta rarrafa ƙarƙashin rumbun, ta ciko ta da ƙasar gara da ƙaiƙayi, ta kai ta ajiye gaban mahaifinta a cikin mutane. Da aka zazzage rumbun, sai ga shi gara ta cinye daga ƙasa har ta wuce rabi. Abin da aka tsamo daga sama shi garin ya shuka a shekarar. Daga nan Sarkin Noma ya jingina tsani da hannunsa ya ce wa Kande ta hau ta gani.

Kaka ta buga sanda, alamar baƙuwa ta tafi. Ta tono dankali ɗaya ta riƙe a bakin zane.

"To, maigidana," ta ce wa Bello, don haka take tsokanarsa, "wa ag gano garar?"

"Babban ɗa!" in ji Bello, ko numfashi bai ja ba.

"Ke hwa, Luba?"

Ni lokacin shekarata bakwai, idona na kan dankali, kuma duk abin da Bello ya faɗa shi ne gaskiya a wurina. Na ce babban ɗa.

"Ina kinka ji shi cikin labarin?"

Na waiga wajen Bello. Bello ya ce, "Ai namiji ka hawan rumbu, Kaka."

"Ban tambaye ka wa ka hawan rumbu gidanku ba. Labarin nit tambaye ka."

Ta ɓare dankalin nan a gabanmu, tana hura shi tana ci tana lumshe ido, har da cewa bana dankali ya yi zaƙi. Na yi kuka a ranar, kukan takaici. Washegari ta sake ba mu labarin Kande, ba ta canza ko kalma ba. A rana ta uku ne na ajiye zancen dankali na bi labarin da kunne tun daga kaji har zuwa ƙwarya, na ce Kande ce, kuma na faɗi inda na ji. Ta ba ni biyu.

Tun daga nan kowace tatsuniya da tambayoyinta. Wa ya yi? Me ya sa? Da me ya fara? Kuma kowace amsa sai ka nuna mazauninta. Na taɓa tambayarta ko ita ta taɓa leƙa rumbu. Ta ce ba ta taɓa ba, kuma ba ta jin an cuce ta. "Kakanku bai so in ga hatsi ya yi ƙasa hankalina shi tashi. Dalili na mai kyau. Amma dalilin ga bai ce a bar gara ta canye iri ba." A lokacin ban fahimce ta ba, na dai ajiye maganar.

Da muka kai aji shida, Baba ya ce karatun bokona ya isa haka. Ba mugu ba ne, manomi ne mai lissafin hannuwa: innata tana matsar man gyaɗa ita kaɗai, ni ce babbar 'ya. Bello zai wuce sakandare, ni in ci gaba da Islamiyya in kama wa Inna aiki. Na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ina son makaranta so na gaske, kuma na san da wuya in ce wa Baba a'a. Kaka ce ta kira shi ɗakinta. Ban san duk abin da ta gaya masa ba, na dai ji ƙarshen.

"Ba kowace shekara makarantarsu ka aika yaro guda gasar karatu garin Isa ba? In sunka zaɓe ta hwa?"

"In sunka zaɓe ta, Inna, na yarda ta wuce," in ji Baba. Ya faɗa da sauƙi ne don ya san makarantarmu ba ta taɓa aika mace ba. Hedimasta kan nuna yaron da ya ga dama, kuma a ganinsa hanyar daji a kan babur ba ta 'ya mace ba ce.

Allah ya sa a shekarar muna da sabon malamin Hausa, Malam Muntari, dogo mai tabarau ɗaure da zare. Shi ya nace a yi wa ajin duka gwajin auna fahimta, wanda ya fi kowa shi ya tafi. Hedimasta ya yarda, don a ransa ya riga ya san Bello ne.

Ran gwajin Malam Muntari ya cika allo da labari. Wani manomi ne ya kwanta ciwo a farkon damina, yana da 'ya'ya biyu, Zainabu da Isiya. Zainabu ta saba bin uban gona tun tana ƙarama, shanun sun san muryarta, don haka ita ta kama garma ta yi huɗa. Isiya ya zauna gida yana jinyar uban, ya dama fura ya kai mata gona. A ƙarshe an ce wasu maƙwabta sun yi gunaguni, wasu sun yaba. Tambayoyi biyar ne, kuma uku daga ciki suna rataye da abu ɗaya: aikin da kowannensu ya yi.

Zan faɗi gaskiya, hannuna ya riga kaina. Har na rubuta cewa Isiya ya yi huɗa, domin tunda nake ban taɓa ganin mace riƙe da garmar shanu ba. Sai na ji kamar an buga sanda a ƙasa kusa da ni. Ina kinka ji shi? Na ɗaga kai na bi allon layi-layi da yatsa a iska, har yarinyar da ke gefena ta zungure ni. Babu inda Isiya ya taɓa garma. Na soke na sake rubutawa da sauri, don na ga Bello ya daɗe da miƙa takardarsa yana miƙa a bakin taga.

Bayan kwana biyu aka tara mu a ƙarƙashin dogonyaro. Malam Muntari ya ce kusan ajin duka sun ba Isiya garma sun ba Zainabu fura, har da 'yan mata. Mutum ɗaya ne ya ci biyar cif. Da ya kira sunana, sai da na waiga in ga ko akwai wata Luba.

Hedimasta ya karɓi takarduna ya jujjuya. Ya ce shi a ganinsa yaran ba su yi kuskure ba, labarin ne bai yi daidai ba. "Wa at taɓa ganin ɗiya mace na huɗa ƙasar ga? Yaran ga abin da sunka sani sunka rubuta." Sannan ya dube ni ya ce, "Ke, kin taɓa gani?"

Na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, ban taɓa gani ba. Amma ba a tambaye mu abin da munka saba gani ba. Labarin anka tambaye mu, kuma ga shi can bisa allo, ba a goge ba."

Malam Muntari ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗunsa na motsi. Hedimasta ya tafi ajin da kansa, muna hango shi ta taga yana karanta allon, hannuwansa a baya. Da ya dawo ya ce, "Yarinya ta yi gaskiya." Ya ƙara da cewa saura matsalar hanya, don ba zai ɗora 'yar mutane a babur ita kaɗai ba.

Da na kai wa Kaka wannan magana sai ta ce, "Wa ac ce ita ɗai za ta? Ni ka kai ta." Tsohuwar da ko kasuwa ba ta yarda ta je a kan babur ba! Ran tafiya Kawu Sani ya ɗauke mu, ni a tsakiya, ita a baya ta cukuikuye rigarsa da hannu ɗaya, sandarta a ɗayan, tana salati a kowane rami tana zaginsa a kowace kwana. Mutanen unguwa suka fito kallo. A Isa na zo ta biyu, wani yaro ya fi ni saurin karatu. Kaka ba ta damu da lissafinsu ba, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar malamai har sai da aka roƙe ta ta zauna. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Baba ya cika alkawari, shi da kansa ya saya mini akwatin ƙarfe. Bello ya yi mako ɗaya ba ya mini magana, daga baya ya zo da littafinsa ya ce in nuna masa yadda nake yi.

Yau ina koyar da aji biyar a Sabon Birni. Ajina ya cika ya batse da yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan wajen Gatawa saboda rashin zaman lafiya. Duk ranar Laraba muna auna fahimta, kuma har yanzu in na sa yarinya ta gyara famfo a labari, rabin ajin sai su ba ɗan'uwanta aikin. Ba na faɗa. Nakan buga rula a tebur in yi musu tambayar Kaka. Da daɗewa na ɗauka dabarar cin jarrabawa ta koya mini. Sai da na girma na gane cewa yadda muke yi wa labari haka muke yi wa 'ya'yanmu: muna ɗaga murfi, mu ga abin da muka saba gani, mu sauko. Kaka ba ta taɓa ce mini in raina al'ada ba, ta dai hana ni barin ta ta amsa tambaya a madadina.

Ta rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Bara da rani na je gida, na tarar gwiwoyin Baba sun ƙi, Bello kuma yana Sakkwato wurin aiki. Muna zaune a inuwa sai ya tashi da kyar, ya jawo tsani ya jingina da rumbunmu, ya riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu.

"Luba, hau ki gane muna."

Na ɗaure zanena na hau. Na ɗaga murfin, ƙamshin gero ya bugi fuskata, na tsaya ina kallo idona cike da hawaye. Da na sauko sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashin, na shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Mi kinka gani?" in ji Baba.

"Rabi na, Baba," na ce. "Amma babu gara."