Ƙafar Jar Akuya

Ina da shekara tara, a zamanin da kumandan na Faransa ke zaune a barikin Dakoro, sa'ad da na fara abin da gidanmu suka kira rashin kunya. Sauran 'yan mata na wasan dafa tuwon ƙasa, ni kuwa ina bin kajin unguwa ina duba ƙafafunsu. In na samu ɗan tsako ya karye, sai in fasa karan gero, in yagi bakin tsumma, in ɗaure. Wasu sun warke, da yawa sun mutu, ban daina ba.

A garinmu ɗori gado ne. Gida ɗaya ke yin sa, kuma kowa ya yarda wanda bai gada ba in ya taɓa ƙashi ba zai haɗu ba. Mu makiyaya ne da ɗan noma. Da kaji ne kawai, Baba yakan kau da kai. Amma ranar da raƙumi ya taka 'yar jar akuyarmu a bakin rijiya, na ɗauko ta na ɗora ƙafar a gaban mata masu ɗiban ruwa, kafin la'asar magana ta kai gidan maɗora. Baba ya shigo ransa a ɓace, ya ce gobe da safe za a yanka ta, kuma in ya sake ganin kara a hannuna, a jikina zai ƙare. Na yi kuka har muryata ta dishe.

Lokacin sanyi ne, bayan magariba mukan kewaye wutar kakarmu, Inna Tabawa, mahaifiyar Baba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido da ido, balle ta yi masa faɗa. Yana zaune can gefe yana tufkar igiya. Inna ta zuga wuta, ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce ta iso. Sai na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce an haifi Zanzaro a gidan ƙudan zuma. Kowa na fita neman fure, ita tana bakin tabki tana cuɗa laka, tana gina 'yan ɗakuna. Gara ta kai ƙara wajen sarkin daji, ta ce gini nasu ne tun kakanni. Sarki ya sa aka ɗaure Zanzaro da igiya a ƙugu, aka turke ta nesa da ruwa. Ta yi ta ja, igiya na cin ta, har ƙugun ya tsuke ya koma tsinke, ta zare ta fice. Ba ta je ko'ina ba sai ɗakin sarki, ta yi gininta bisa kansa. Aka rushe, ta sake. Aka kuma rushewa, ta sake.

Ƙanena ya tambaya, "Inna, to mi anka yi mata?"

"Mi za a yi mata? Sunka gaji. Tahi ka duba ɗakin da ka so cikin garin ga, har na kumandan, in ba ka iske gininta ba ka zo ka hwaɗa mini. Masu igiya dai sun ɓata mata ƙugu, ba su hana ta komi ba." Ta karkaɗe zaninta, ta ce ta ƙare, kowa ya kama gabansa.

Da safe na ji shi yana wasa wuƙa, na je na tsaya a bakin turke na rungume akuyar. Na ce, "Baba, ka ba ni kwana ashirin. In ba ta taka ba, ni zan riƙe maka ita." Ya daɗe yana dubana. Daga ɗaki Inna Tabawa ta yi tari, irin wanda ba na mura ba. Ya mayar da wuƙar kube ya fita.

Akuyar ta taka, amma a karkace, don na matse ɗaurin fiye da kima kuma ban ja ƙafar ta daidaita ba. Maɗora suka yi ta dariya. Ni kuwa kullum ina shafa ƙafar ina neman inda na kuskure, kuma daga wannan gurguwar na koyi abin da ba wanda ya yarda ya koya mini. Daga awaki na koma tumaki da maruƙa. Ina da aure da goyo wata Bafulatana ta kawo mini ɗanta daga wajen Birnin Lalle da karyayyen hannu, ta ce ta ga saniyar da na ɗora, ba ruwanta da wanda ya haife ni.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar ta tun kakanni ce. Sai da na girma na yi ta tambaya har Kornaka, ban samu wanda ya taɓa jin ta ba. A wannan maraicen ta ƙirƙire ta, don al'ada ta rufe mata baki a gaban ɗanta, ita kuma ta ƙi ta zuba ido a kashe mini abin da nake so.

Yanzu abin da ke ba ni haushi, 'ya'yana sun fara cewa ɗori gadon gidanmu ne. Kwanan baya na ji babban ɗana yana korar 'yar maƙwabta daga inda nake ɗora wa wani ƙafa, wai ba nasu ba ne. Na ce masa ya faɗa mini sunan wanda na gada. Na kira yarinyar, na ce ta wanke hannu ta zo ta riƙe mini ƙafar.