Ranar da Na Sa Sarkin Yaya a Aljihu

Yayana ya koyi wasan ches ne a Maigatari, wajen direbobin Damagaram da kan yi kwana biyu ko uku a bakin iyaka suna jiran takardun kaya. Aikinsa ke nan a lokacin, cike musu takardu. Da ya bar aikin, ya dawo Gumel da allon katako guda da dokoki biyu da ba ya sassauta wa kowa. Ta farko, abin da ka ɗauka ka saki ya saku, babu mayarwa. Ta biyu, in aka cinye maka sarauniya, ka kwantar da sarkinka ka miƙa wa abokin wasa hannu, don a ganinsa ci gaba bayan haka raina mutum ne.

Ni kuwa ban taɓa bin ta biyun ba. Duk Asabar nakan hau babur daga Sule Tankarkar, inda nake aiki, in zo mu buga a zaurensa bayan azahar, kuma kusan duk Asabar sai ya cinye min sarauniya. Sai ya jingina da bango yana jira in kwantar. Ni kuma in tura soja gaba.

"Auta, ba ka da kunya ne? Wasan nan ya mutu tun ɗazu, gawa kake ja."

"Bari dai in ja, Yaya, ba ta yi min nauyi ba."

Haka muka yi shekaru, shi yana tsaki ni ina taurin kai, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya dawo daga asibiti bakinsa ya daidaita, ƙafa tana ja, hannun dama kuwa yana kwance a cinya ba ya moruwa. Amma ba hannun ne ya tayar min da hankali ba, shirun ne. Mutumin da ke musu da rediyo, yau ka gaishe shi ya ce "lafiya" ya juya fuska. Sai kuma ya fara rabon kayansa. Rediyon ya ba maƙwabci. Gonarsa ta wajen Gagarawa ya ce a ba wani ya noma. Ranar nan ya nuna allon da haɓa, ya ce in tafi da shi Sule Tankarkar.

Na ƙi. Na san in allon nan ya bar zauren, babu sauran abin da zai sa Yaya ya tashi zaune. Asabar uku ina zuwa ina jera 'ya'yan wasan a gabansa, yana kallon rufi, ina kwashewa in koma gida raina a jagule. A hanya har magana nake yi ni kaɗai a kan babur. A ta huɗu ya ce, "To jera, don ka ƙyale ni."

Da hagu ya buga. Kansa yana nan daram, don kafin a kira la'asar ya matse ni a gefe, ina ta sosa ƙeya. Bayan mun yi salla muka koma. Ya ɗauki sarauniyarsa zai kai ta can kusa da sarkina, ni ma na ga inda za ta, na kuma ga cewa tawa ta ƙare. Sai ta suɓuce daga yatsunsa a rabin hanya, ta yi tangal-tangal, ta tsaya daidai inda dokina zai iya cinye ta.

"Mayar, Yaya. Hannu ne."

"Na ɗauka na saki."

"Ai ba saki ka yi ba, faɗuwa ta yi."

"Dokar ba ta san hannu ba. Buga."

Na miƙe tsaye. Na je randa na sha ruwan da ba ƙishirwarsa nake ji ba. Na leƙa waje na duba babur, na dawo, na zauna, na sake tashi. In na ƙi cin sarauniyar, zai gane tausayinsa nake ji, kuma Yaya zai iya yafe zagi amma ba ya yafe tausayi. In na ci, na san abin da zai biyo baya: zai kwantar da sarki, ya ce in naɗe allon, shi ke nan. Haushi ya kama ni, haushin hannun, haushin dokar, haushin direbobin da suka koya masa ita.

Na zauna na ci.

Yaya ya gyaɗa kai, kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya riga ya sani. Ya miƙa hagunsa a hankali wajen sarkinsa. Ban san sa'ad da na riga shi ba. Na fizge sarkin daga kan allo na jefa a aljihun rigata, na dafe aljihun da tafin hannu.

A gidanmu ƙane ba ya karɓe abu daga gaban wansa. Ko a kwano ɗaya muke ci, sai ya ɗauki nama nake ɗauka, ga shi kuwa ni ma furfura ta fara fito min. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ba ni sarkina."

"Ba zan bayar ba."

"Auta!"

"Wallahi Yaya sai ka ce za ka ci gaba. In ba haka ba da shi zan tafi, ka ga ta inda za ka kwantar da shi."

"Da me zan ci gaba? Me ya rage min?"

"Doki biyu, hasumiya, soja biyar. Ni da ƙasa da haka nake ja da kai." Na dube shi ido cikin ido. "Tsoro nake ji, Yaya. Ka ba da rediyo, ka ba da gona. Kada ka ba ni wannan."

Yaya ya zuba wa aljihuna ido. Keke Napep ya wuce ta ƙofar gida, wani ya biyo bayansa. Ina zaune hannuna a kan aljihu, ina jiran Yaya ya ce in fita masa daga gida. Can ya ce, "Ajiye shi inda ka ɗauke shi. Marar kunya."

Na ajiye, amma ban janye hannuna nesa ba. Ya kalli allon, ya ƙara kallo, ya ja tsaki, ya tura doki.

Ban sassauta masa ba, shi ma bai nema ba. Dawakan nan biyu suka hana ni sakat, ya cinye min hasumiya ina ji ina gani, na tashi na zauna ya fi sau biyar. Sai dab da magariba na samu na tsare sarkinsa, ba gaba ba baya. Ban yi murna ba, idona na kan fuskarsa.

"Sarauniya a hannunka," in ji shi, muryarsa ta cika zauren, "amma ka kasa gama ni sai da rana ta faɗi? Tun bugu shida baya ya kamata ka rufe ni! Ina idonka yake? Kawo dokin nan in nuna maka."

Ya shiga mayar da 'ya'yan inda suke ɗazu, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa. Wani soja ya suɓuce masa ya gangara kan tabarma. Na yunƙura zan ɗauko, ya daka min tsawa in bar shi. Na mayar da hannuna cinya, ina kallo ya sunkuya da ƙyar, ya lalubo shi da kansa, ya ɗora a gidansa a kan allo.